Sabar imel ta kasa tantance kanta wajen kamfanin intanet: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na masu kula da ƙaramar sabar imel ne, wadda ba ta kai saƙo kai tsaye ga mai karɓa, sai dai ta miƙa wa sabar kamfanin da ke ba su intanet, ita kuma ta isar. Yawancin misalan na Postfix ne, amma Exim da Sendmail ma an taɓo su; duk ukun manhajojin sabar imel ne. Duk inda ka ga smtp.example.net, sai ka sa sunan sabar kamfaninka. Abin da nake roƙo tun farko shi ne kada ka taɓa kalmar sirri sai ka gano matakin da zancen ya yanke. Sau da yawa kalmar sirrin lafiyarta ƙalau, ba a ma kai ga aika ta ba.

Me ya sa sai na bi ta sabar kamfanin intanet? Ba zan iya aikawa kai tsaye ba?

Idan layin intanet ɗinka na gida ne ko na ƙaramin ofis, da wuya. Kamfanoni da yawa suna toshe wa abokan cinikinsu ƙofa (port) ta 25, wadda sabobin imel ke magana da juna ta cikinta, saboda ta nan ne kwamfutocin da suka kamu da mugayen manhajoji ke ɓarin saƙonnin banza. Ko ba a toshe ba, adireshin IP ɗinka mai sauyawa ne, kuma irin waɗannan adireshi suna cikin jerin da ake kira PBL na ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza ta Spamhaus, wanda manyan sabobi ke dubawa kafin su karɓi saƙo. Ga kuma batun sunan da adireshin ke komawa gare shi a DNS (tsarin da ke haɗa sunaye da adireshin IP), wanda ba a hannunka yake ba. Sabar kamfanin tana da duk abin da ka rasa, shi ya sa kake bi ta hannunta. Ita kuma ba za ta ɗauki saƙon kowa ba sai ta san ko wane ne.

Me ke gudana tsakanin sabobin biyu kafin saƙo ya wuce?

SMTP shi ne yaren da sabobin imel ke magana da shi. Na asali, wanda Jon Postel ya rubuta a 1982, bai tanadi tambayar suna ko kalmar sirri ba. Daga baya aka ɗora masa: umarnin AUTH ya zo a 1999, aka sabunta shi a 2007 cikin takardar ƙa'ida mai suna RFC 4954. Saboda haka tantancewa mataki ne guda a tsakiyar zance mai tsawo. Sabarka ta nemo adireshin kamfanin a DNS, ta ƙwanƙwasa ƙofa, aka amsa da 220. Ta ce EHLO, aka lissafo mata abin da ake iya yi. Ta ce STARTTLS, aka lulluɓe layin da TLS, wato tsarin ɓoye abin da ke bin waya, ta sake cewa EHLO. A wannan karo na biyu ne yawancin kamfanoni ke nuna layin AUTH tare da hanyoyin da suka yarda da su, misali PLAIN da LOGIN. Sabarka ta zaɓi ɗaya, ta aika suna da kalmar sirri, aka amsa da 235. Sai bayan nan ake faɗin mai aikawa, da mai karɓa, da saƙon kansa.

Kowane mataki yana da irin kukansa idan ya lalace. Wanda ya riƙe wannan jeri a kansa ya gama rabin aikin.

Ina zan ga abin da ya faru?

A log, wato fayil ɗin da sabar ke rubuta duk abin da ya gudana. A Debian da Ubuntu yana /var/log/mail.log, a dangin Red Hat kuma /var/log/maillog. Idan fayil ɗin babu shi, kamar yadda ake samu a sabon girkin Debian 12, yi amfani da journalctl. Aika saƙon gwaji guda, ka nemo layin da ke ɗauke da postfix/smtp, ka duba abubuwa uku: relay=, wanda ke nuna sabar da aka yi magana da ita, da status=, sai kuma bayanin da ke biye. Idan ka ga relay=none, to ba a ma haɗu da kamfanin ba, maganar kalmar sirri ba ta taso ba. Umarnin postqueue -p ma yana nuna dalilin da ya sa kowane saƙo ke zaune a layin jira.

Wane saiti ne mafi ƙaranci da Postfix ke bukata?

A cikin main.cf:

relayhost = [smtp.example.net]:587
smtp_sasl_auth_enable = yes
smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd
smtp_sasl_security_options = noanonymous
smtp_tls_security_level = encrypt

A cikin /etc/postfix/sasl_passwd kuma layi ɗaya:

[smtp.example.net]:587 suna:kalmarsirri

Sannan ka gudanar da postmap /etc/postfix/sasl_passwd, ka biyo da postfix reload. Bayan haka ka duba da postconf -n, domin shi ne zai nuna maka abin da Postfix ta ɗauka a zahiri. Idan saiti ɗaya ya zo sau biyu a fayil ɗin, na ƙarshe ne ke aiki, kuma hakan na yawan faruwa ga wanda ya kwafo layuka daga wurare daban-daban.

Na saka komai, amma log na cewa 530 Authentication required, ko 554 Relay access denied. Me ya sa?

Waɗannan amsoshi biyu suna nufin abu guda: sabarka ba ta yi yunƙurin tantancewa ba sam. Ta tsallake AUTH ta wuce kai tsaye ga miƙa saƙo, aka dakatar da ita. Da kalmar sirri ce ba daidai ba, 535 za ka gani.

Fara da harafi ɗaya. A Postfix akwai saitukan da suka fara da smtp_ da waɗanda suka fara da smtpd_. Masu d na lokacin da wasu ke haɗuwa da sabarka ne, marasa d kuma na lokacin da sabarka ke fita ta haɗu da wata. Kai mai fita ne. Wanda ya rubuta smtpd_sasl_auth_enable = yes ya kunna wani abu dabam, kuma Postfix ba za ta yi ƙorafi ba, tunda saitin halattacce ne.

Na biyu, sunan da ke sasl_passwd dole ya zo daidai da yadda aka rubuta shi a relayhost. Idan akwai baka masu kusurwa a can, su kasance a nan. Idan akwai :587 a can, ya kasance a nan. Bakan nan ba ado ba ne: suna hana Postfix neman bayanin MX na sunan (bayanin DNS mai nuna sabar da ke karɓar imel), su sa ta nufi wannan saba kai tsaye. Idan Postfix ta duba fayil ɗin ba ta sami sunan da ya dace ba, shiru take yi ta ci gaba ba tare da tantancewa ba. Wannan shirun ne ke wahalar da mutane. Ga yadda za ka kama shi:

postmap -q "[smtp.example.net]:587" hash:/etc/postfix/sasl_passwd

Idan ya fito da suna da kalmar sirri, to nan lafiya. Idan bai fito da komai ba, ko dai sunan bai dace ba, ko ka gyara fayil ɗin ka manta da postmap. Postfix ba ta karanta fayil ɗin da ka rubuta da hannu, tana karanta sasl_passwd.db ne, wanda postmap ke samarwa. A wasu nau'o'in Linux an daina tallafa wa hash, sai lmdb. Umarnin postconf -m zai lissafo maka waɗanda ake da su.

Na uku, mai yiwuwa kamfanin bai nuna AUTH ba domin ba a kunna TLS ba. Abin da ba a yi tayinsa ba, Postfix ba ta nema.

Log na cewa No worthy mechs found, ko no mechanism available.

Sabarka ta ga hanyoyin da kamfanin ya yi tayi, ba ta sami wadda za ta iya bi ba. Dalilai biyu ne suka fi yawa. Ko dai ba a girka ƙananan manhajojin Cyrus SASL, masu gudanar da hanyoyin tantancewa, ba: a Debian da Ubuntu sunan kunshin libsasl2-modules, a dangin Red Hat cyrus-sasl-plain. Lura cewa wajen fita Postfix da Cyrus kaɗai take aiki, ko da kana amfani da wata manhaja, Dovecot, wajen tantance masu shigowa. Ko kuma ka bar smtp_sasl_security_options yadda ya zo, wato noplaintext, noanonymous. Kalmar noplaintext ta haramta PLAIN da LOGIN, waɗanda galibi su kaɗai kamfanin ke bayarwa.

Cire noplaintext ba haɗari ba ne matuƙar layin a lulluɓe yake, kuma dalilin da ya sa na sa encrypt a saitin sama ke nan maimakon may. Da may, idan TLS ya gagara, Postfix za ta ci gaba a fili, kalmar sirrinka ta bi waya kowa na iya karantawa. Da encrypt kuwa saƙon zai tsaya a layin jira har a gyara. Tsayawar ta fi alheri.

Akwai kuma akasin wannan matsala: kamfanin ya yi tayin wata hanyar tantancewa, irin GSSAPI ko NTLM, sabarka ta zaɓe ta alhali ba a shirya mata ita ba. Sai ka taƙaita mata zaɓi da smtp_sasl_mechanism_filter = plain, login.

To idan na ga 535 5.7.8 fa?

Yanzu ne aka zo kan suna da kalmar sirri. An aika su, an ƙi su. Amma ko a nan kada ka yi gaggawar canzawa.

Duba sunan tukuna. Wasu kamfanoni cikakken adireshi suke so, har da alamar @ da abin da ke bayanta, wasu kuma ɓangaren farko kaɗai. Sunan da kake shiga shafin biyan kuɗi da shi, ko wanda na'urar haɗa intanet ke amfani da shi, ba lallai ya zama shi ne na akwatin imel ba. Sai ka duba ko an shigo da wani ɓoyayyen harafi: fili a ƙarshen layi, ko alamar ƙarshen layi irin ta Windows idan a can aka rubuta fayil ɗin. Umarnin cat -A zai fito da su, za ka ga ^M a ƙarshe.

Idan asusun yana da tantancewa mai mataki biyu, kalmar sirrinka ta yau da kullum ba za ta yi aiki a SMTP ba, komai daidaitonta. Google ya rufe hanyar shiga da kalmar sirri ta yau da kullum ga asusun Gmail na gama-gari a ranar 30 ga Mayu, 2022. Abin da ake yi shi ne a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja, mai haruffa 16, a saka ta a sasl_passwd. Wannan ya shafe ka ko da ba Gmail kake nufa ba, domin wasu kamfanonin intanet sun miƙa hidimar imel ɗinsu ga manyan masu ba da imel, dokokin waɗancan suka hau kanka. A ɓangaren Microsoft, amsar 535 5.7.139 kan nuna cewa an kashe tantancewar SMTP ga akwatin ko ga ƙungiyar baki ɗaya, kuma wannan mai kula da asusun ne kaɗai zai kunna.

Karanta duk jimlar da ke bayan lambar. 534 5.7.9 na nufin hanyar da ka bi ba ta kai ƙarfin da ake so ba. 454 4.7.0 kuwa matsala ce ta ɗan lokaci a wajensu, ba abin da za ka gyara, sai jira.

Yaya zan gwada da hannu, ba tare da Postfix ba?

Wannan gwaji shi ke raba gardama, domin yana nuna ko laifin na asusun ne ko na saitinka. Da farko ka shirya suna da kalmar sirri yadda PLAIN ke so, wato a cikin base64, wata hanya ta sauya siffar rubutu zuwa jerin haruffa da lambobi:

printf '\0%s\0%s' 'suna' 'kalmarsirri' | base64

Kada ka yi da echo, yana ƙara alamar sabon layi a ƙarshe, ita ma ta shiga cikin kalmar sirrin. Sannan ka buɗe layi:

openssl s_client -starttls smtp -crlf -quiet -connect smtp.example.net:587

Rubuta EHLO da sunan sabarka. Za ka ga jerin layuka masu farawa da 250, ka nemi mai cewa 250-AUTH PLAIN LOGIN ko makamancinsa. Sai ka rubuta AUTH PLAIN, ka bar fili, ka manna abin da printf ya ba ka. Idan aka amsa 235 2.7.0, asusunka lafiya lau, koma ka binciki main.cf da sasl_passwd. Idan 535 ce, to ka bar Postfix ta huta, maganar tsakaninka da kamfanin ce.

Idan LOGIN kaɗai suke karɓa, rubuta AUTH LOGIN. Za a amsa da 334 VXNlcm5hbWU6, wato tambayar suna a cikin base64. Ka aika sunan a base64, a amsa da 334 UGFzc3dvcmQ6, ka aika kalmar sirri haka nan. Kada ka bar -quiet a baya: ba tare da shi ba, openssl na ɗaukar layin da ya fara da babban Q a matsayin umarnin fita, mai babban R kuma a matsayin umarnin sake ƙulla TLS, kuma RCPT TO da R yake farawa. Wanda bai son wannan wahala sai ya girka swaks, ƙaramar manhaja ce da ke yin zancen gaba ɗaya tana nuna maka kowane layi.

Ka tuna base64 ba lulluɓi ba ne, kowa na iya warware shi cikin daƙiƙa. Kada ka tura wa kowa hoton allon da ke ɗauke da shi.

Wace ƙofa zan bi: 25, 465 ko 587?

Wadda kamfanin ya ce. Idan ya ba da zaɓi, 587 ta fi sauƙi da Postfix. An ware ta tun 1998 don abokan ciniki masu miƙa saƙo, kuma a kanta ana fara zance a fili sannan a koma TLS da STARTTLS. A 465 kuwa TLS ke farawa tun kafin a ce uffan. An daɗe ana ɗaukarta tsohon yayi, sai RFC 8314 ya dawo da ita a 2018. Postfix ta iya ta daga siga ta 3.0, amma sai ka ƙara smtp_tls_wrappermode = yes tare da encrypt. Idan ka nufi 465 ba tare da shi ba, kowane ɓangare zai zauna yana jiran ɗayan ya fara magana har lokaci ya ƙare. Wajen gwaji da openssl a 465, cire -starttls smtp.

Connection timed out yawanci toshewa ce a hanya, ko daga kamfanin ko daga katangar tsaron sabarka. Connection refused kuma na nufin an isa sabar amma ba mai saurare a wannan ƙofa.

Log na cewa Untrusted TLS connection established. Shi ne matsalar?

A matakin encrypt, a'a: layin a lulluɓe yake, saƙo zai wuce, sai dai Postfix ba ta tabbatar da satifiket ɗin kamfanin, wato shaidar da ke nuna sabar tasa ce, ba. Duk da haka ina ganin ya kamata a gyara, tunda kalmar sirri kake miƙawa kuma kana so ka tabbatar wa kake miƙa wa. Nuna mata inda satifikocin amintattu suke, a Debian smtp_tls_CAfile = /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt, sannan ka ɗaga matakin zuwa secure, har log ya koma cewa Verified. Idan ya ƙi, duba agogon sabarka, domin kwanan wata mara daidai kan sa satifiket mai kyau ya zama kamar ya ƙare. Sa smtp_tls_loglevel = 1 don ganin waɗannan layuka.

Tantancewa ta yi nasara, amma an ce Sender address rejected: not owned by user.

Ka wuce matakin AUTH, wannan wata ƙofa ce. Kamfanoni da yawa ba sa barin asusu ya aika da sunan wani adireshi da ba nasa ba. Saƙonnin da tsarin kwamfutar ke fitarwa da kansa, irin na cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, sukan fito da sunan root a kan sunan injin, wanda kamfanin bai san da shi ba. Da smtp_generic_maps za ka sa Postfix ta sauya irin waɗannan adireshi zuwa wanda aka yarda da shi yayin fita. Idan kuwa mutane da yawa ne ke aikawa kuma kowa da asusunsa, kunna smtp_sender_dependent_authentication = yes, ka ba kowane adireshi layinsa a sasl_passwd.

Ni Exim nake amfani da ita, ko Sendmail.

Matakan zancen duk ɗaya ne, wurin ajiye bayanin ne ya bambanta. A Exim ta Debian, fayil ɗin shi ne /etc/exim4/passwd.client, kuma tarkon da ke cikinsa shi ne sunan da Exim ke dubawa ba lallai ya zama wanda ka rubuta ba, tana iya bin DNS ta ƙare a kan ainihin sunan injin kamfanin. Idan sabar kamfani ɗaya kaɗai kake miƙa wa, sa alamar tauraro a madadin sunan saba. Wajen rubuta ƙofa kuma ɗigo biyu sau biyu ake sawa: smtp.example.net::587. A Sendmail layin AuthInfo ne, kuma bayan kowane gyara sai an sake gina shi da makemap.

Saƙonnin da suka taru za su ɓace?

Ba nan take ba. Idan tantancewa ta gaza, Postfix kan ajiye saƙon ta riƙa sake gwadawa har kwana biyar kafin ta mayar wa mai shi. Bayan ka gyara, postqueue -f zai tura su duka.

Amma ga abin da ya kamata ka kiyaye: kowane sake gwadawa da kalmar sirri mara daidai ana lissafa shi a can. Saƙonni ɗari a layin jira na iya sa kamfanin ya kulle asusun ko ya toshe adireshinka, sai ka gyara komai amma har yanzu ana ƙin ka. Kafin ka fara bincike, dakatar da su da postsuper -h ALL, ka yi gwajinka da saƙo ɗaya, idan ya wuce ka sake su da postsuper -H ALL.

Jiya tana aiki, ban taɓa komai ba.

To wani ne ya taɓa. Ko wani ya canza kalmar sirrin asusun ta shafin imel bai sanar da kai ba, ko kamfanin ya sauya sunan saba, ko ya daina karɓar TLS 1.0 da 1.1, waɗanda aka yi wa ritaya a hukumance a 2021, tsohuwar sabarka kuma ba ta iya sababbin ba. Ko ka zarce adadin saƙon da aka ƙayyade maka a rana. Ko kuma an sace kalmar sirrin ana aika saƙonnin banza da ita, kamfanin ya rufe asusun. Nemo layin ƙarshe mai status=sent da layin farko da ya gaza, ka duba abin da aka sabunta a sabarka tsakanin lokutan biyu.

Saƙo na fita, amma yana faɗawa akwatin saƙonnin banza.

Wannan tantancewa ce ta wani iri, tsakanin domen ɗinka da mai karɓa. Tunda sabar kamfanin ce ke isar da saƙonka, dole bayanin SPF na domen ɗinka, wato jerin sabobin da aka yarda su aika da sunansa, ya ambace ta. Sa hannun DKIM, mai tabbatar da cewa saƙon daga domen ɗinka yake, da tsarin DMARC, mai faɗin yadda za a yi da saƙon da ya kasa cin waɗannan gwaje-gwaje, su ma yanzu sun zama wajibi a aikace, musamman tun Fabrairun 2024 da Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓa.

Idan zan tuntuɓi kamfanin, me zan ba su?

Lokacin da abin ya faru tare da yankin agogo, adireshin IP ɗin da ka fito ta kansa, sunan asusun, ƙofar da ka bi, da cikakken layin kuskuren kamar yadda sabarsu ta faɗe shi. Ka gaya musu ka gwada da openssl da abin da ya fito, domin hakan na tsallakar da kai tambayoyin farko. Kalmar sirri kuwa ba sa bukatarta. Idan ka kunna debug_peer_list don samun cikakken bayani, ka sani yana rubuta layin AUTH a cikin log, don haka ka goge wannan layi kafin ka tura, ka kashe saitin da zarar ka gama. Fayilolin sasl_passwd da sasl_passwd.db su ma duka biyun suna ɗauke da kalmar sirrin a fili, sai ka mallaka wa root su, ka sa musu chmod 600.